Baƙin Mai Duro Goma Sha Ɗaya

Duk wanda ya saba bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya san garejin Alhaji Kalilu, ko da bai san sunan mai shi ba. Kafin ka kai shingen kan iyaka a Magama akwai wani makeken fili da aka zagaye da katangar bulo, inda manyan motoci ke kwana suna jiran takardunsu su fito. Direba ya shiga ya yi wanka, ya yi salla, ya ci tuwo, kanikawa su juye masa baƙin mai su zuba sabo. Abin da ya bambanta wurin da sauran irinsa shi ne tsafta da inuwa. Darbejiya goma sha huɗu a jere, fulawa a gindin katanga, ba ka ganin leda ko ɗaya tana yawo. Alhaji ne ke karɓar yabon, amma aikin na Arzika ne.

Arzika zai kai shekara hamsin da biyar, siriri ne, mai taurin kai irin wanda ba ya zuwa da hayaniya. Manomi ne tun tasowarsa a wani ƙauye yamma da Mazanya, har shekara uku da suka wuce da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen. Ya iso Magama da matarsa Sa'adiyya da 'ya'yansu mata biyu, da iya abin da kai zai ɗauka. Wata biyu suka yi suna kwana a barandar wata makaranta, kafin Alhaji ya ba shi aikin shara da yankan ciyawa da ban ruwa da yashe lambatu, ya haɗa masa da ɗaki guda a can ƙuryar garejin. Ɗakin bai fi taku biyar ba, kwanon rufinsa da rana sai ka ce tanda. Amma wanda bai taɓa kwana a baranda da 'ya'ya mata ba, ba zai gane abin da ƙofa mai makulli take nufi ba. Arzika ya gane, Sa'adiyya kuwa ta fi shi ganewa.

Filin garejin a karkace yake. Ƙofar shiga tana kan tudu ta bakin titi, ƙasa kuma tana gangarawa sannu a hankali har ƙuryar da ɗakin Arzika yake. Dab da ɗakin aka bar wata kafa a ƙarƙashin katanga, nan ne bakin lambatu. Duk ruwan da ya sauka a filin ta nan yake fita, ya bi wani ɗan kwazazzabo, ya faɗa Tafkin Gawo. Da can tafkin ba wani abin kulawa ba ne. Amma tun da daji ya gagari shiga, makiyayan da suka matso bakin gari ba su da inda za su shayar da ragowar dabbobinsu sai shi.

Ranar wata Talata a ƙarshen bazara, Shafi'u ya tarar da Arzika yana ba fulawa ruwa da bokitinsa mai bakin rariya, wanda mutanen Maraɗi ke kira arozuwar. Shafi'u ɗan ƙanen Alhaji ne, shi ne manajan wurin. Ya yi karatu a Katsina, kuma tsakani da Allah ba mugu ba ne. Cutarsa ɗaya ce, son a gani a yaba, ita kuwa wannan cuta ba a sayar da maganinta a kemis.

Ya ce, "Baba Arzika, jibi Alhamis muna da baƙi. Shugabannin direbobi na nan da na Maraɗi za su zo duba wuri. In ya yi musu, duk motocinsu nan za su riƙa kwana."

Arzika ya ce, "Allah shi sa a dace, Manaja. Sai in share, in yanke haki."

"Ba maganar shara nake ba. Kanikawa sun tara baƙin mai duro goma sha ɗaya. So nake ka ɗauki bokitin nan naka ka yayyafe filin nan kaf, tun daga bakin get har ƙurya. Ya kwanta baƙi wuluk kamar kwalta. Ciyawa ta mutu, ƙasa ta daina tashi, baƙi su ga wuri na zamani."

Kada a yi saurin tsine wa Shafi'u. A bakin iyaka baƙin mai ba abin zubarwa ba ne. Da shi ake shafe gindin dirka don gara, da shi ake korar sauro a masai, mai shago ya yayyafa a ƙofarsa don ƙasa ta kwanta. Shi kansa Arzika da hannunsa ya shafe dirkokin rumfar mai tuwo da shi. Sai dai shafa dabam, duro goma sha ɗaya dabam.

Arzika ya ajiye bokitin, ya ɗaga kai. Ya ce, "Manaja, ka duba bisa kwanan nan? Shamuwa ta sauka tun wancan mako. Gawo ya zubda ganye. Mutanen Mazanya duk sun yi binne, iri na cikin ƙasa shina jira. In ba gobe ba, jibi ruwa na nan tahe. Shi ko ruwan hwari ba shi barin komi, duk abin da ya iske a ƙasa shi ka kwashewa shi kai tabki."

Shafi'u ya ce, "To sai me? Tafkin da shanu ke tattakawa?"

"Shanun su ka sha. Matan makiyaya nan suka ɗibar na wanki, wasu har na girki. In man ga ya kwanta bisa ruwan nan, bana kam an gama da shi."

Shafi'u ya yi dariya, ya ce bai san sun ɗauki ma'aikacin hasashen yanayi ba. Da ya ga dariyar ba ta samu abokin yi ba, sai ya ɗaure fuska. Ya ce, "Baba, ba shawara na zo nema ba. Aiki na ba ka."

Arzika ya ce, "Ba ni zuba shi."

Haka kawai ya faɗa, ba ɗaga murya, kamar mai cewa ba ya cin goro. Shafi'u ya tsaya yana kallonsa. Can ya ce, "Ka dai san ɗakin da kake ciki na ma'aikaci ne, ko?"

"Na sani."

"To ka yi tunani."

Kafin Arzika ya kai ɗaki labari ya riga shi, don Sa'adiyya tana taya mai tuwo wanke-wanke, rumfar mai tuwo kuwa ba abin da ke wuce ta. Ta bari sai da ya zauna, ta tura 'yan matan waje, sannan ta juyo.

Ta ce, "Malam, tabkin naka na? Shanun naka na?"

Ya ce, "A'a."

"To mi ya kai ka? Mun gudu sau guda da ɗiya a baya. Ka manta barandar nan? Ka manta yadda nika zama in tsare su da idona har gari shi waye? Kai in an kore ka, ka kwana masallaci. Mu ina za mu?"

Arzika ya san duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Tsoro ya kama shi sosai. Ya so ya ce mata gobe zai je ya ba da haƙuri, amma bakinsa ya ƙi. Ita kuma ta san mijinta, ta san shirun nan ba na saduda ba ne, sai ta kwashe kwanuka da ƙarfi ta fita.

Ranar Laraba Shafi'u bai ko neme shi ba. Kanikawa ya tara, ya ce kowa zai ga alheri. Suka aiko a ba su aron arozuwar, Arzika ya ce bokitinsa ruwa ya sani. Sai suka huhhuda gwangwanaye da ƙusa, suka mirgino duro ɗaya bayan ɗaya, suka shiga yayyafi suna waƙa. Arzika yana zaune gindin darbejiya yana kallo. Ya ga ƙasar da yake sharewa kullum tana yin baƙi taku bayan taku. Ya ga fulawar da ya raina tun tana ɗan tsiro ta sha feshi a gefe ta langaɓe. Wari ya cika wurin har mai tuwo ta rufe tukwanenta. Kafin azahar duro goma sha ɗaya sun tashi babu komai, fili kuwa ya yi baƙi yana ƙyalli. In ka hango daga titi, wallahi sai ka rantse kwalta ce.

Daɗi ya kama Shafi'u, shi kuwa in ya ji daɗi yakan yi kirki. Ya zo ya tsaya kan Arzika yana murmushi. Ya ce, "Baba, ka ga an yi ba da kai ba, hannunka fes. Maganar jiya na bar ta, ko Alhaji ban gaya wa ba. Ka zauna a ɗakinka lafiya. Abu ɗaya kawai nake so, kuma aikinka ne na kullum. Ka yashe mini lambatun nan tas, in ruwan naka ya zo ya wuce da sauri, kada ya kwanta mana a gaban baƙi."

Ya juya ya tafi yana latsa waya. Ga shi dai an mayar wa Arzika da ɗakinsa a ruwan sanyi. Ba a ce ya taɓa mai ba, ba a ce ya ba da haƙuri ba. Shebur kawai zai ɗauka ya kwashe yashi da leda daga bakin kafa, abin da ya yi ya fi sau ɗari. Da Sa'adiyya ta ji, sai ta ce alhamdu lillahi har sau uku, ta sa masa man shanu a tuwo.

Bayan la'asar ya zagaya bayan katanga, ya bi kwazazzabon da ƙafa har tafki. Ya ce wa kansa zai je ne ya yi gargaɗi, ya fita haƙƙin mutane. Tafkin ya janye ya koma tsakiya, gefensa duk laka ta tsattsage, amma akwai ruwa. A bakinsa ya tarar da Rabe, wani dattijon makiyayi da suke haɗuwa a sahun Juma'a, yana tsaye ya rataya sanda a kafaɗa, shanunsa na sha.

Suka gaisa, suka tambayi iyali. Arzika ya kwashe labari ya gaya masa, ya ce in ruwa ya sauka kada ya bari dabba ta kusanci tafkin.

Rabe ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Na ji, Allah shi saka. To gaya mani inda za ni kai su."

Arzika ya juya ya dubi shanun.

Rabe ya ce, "Yamma ba ta shiguwa, ka hi ni sani. Gabas gonaki na, an yi binne, in na bi da su a ce na yi ɓarna. Ruwan burtsatse da jarka aka saida shi, saniya guda ta sha ukku ba ta ƙoshi ba." Ya nuna su da haɓa. "Sittin da ukku nika da su. Waɗanga tara su Allah ya bar mani."

Arzika ya ƙirga su da ido ba da niyya ba. Tara ne, da ɗan maraƙi da bai kai a sa shi a lissafi ba.

Rabe ya gyara sandarsa, ya ce, "Tahi ka yi aikinka, Arzika. Kana da ɗiya mata. Ba kai ka zuba ba, ni ba ni riƙe ka da komi."

Da Rabe ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Wannan yafiya da aka miƙo masa tun bai yi laifin ba ita ta tsaya masa a rai. Ya kamo hanya yana tafe yana huci, ransa a ɓace. Yana jin haushin Shafi'u, yana jin haushin Rabe da haƙurinsa, ya fi jin haushin kansa da ya ci tuwo da man shanu yana murna. Kowa ya ce masa hannunsa fes. To in ya yashe kafar nan, wa ya buɗe wa man hanya? An taɓa tashinsa daga gonarsa, waɗanda suka yi kuwa ko sunansa ba su tambaya ba. Bai ga yadda za a yi ya tashi wani daga ruwansa da shebur, sannan ya koma ya kulle ƙofa ya yi barci ba.

Ranar Alhamis da aka sallame asuba ya tattaro tsofaffin buhunan siminti da na taki da yake ajiyewa don kwasar shara. Ya fita bayan katanga inda mai bai taɓa ba, ya riƙa cika su da yashi yana ɗaurewa, yana turo su a baro biyu-biyu. Aikin manomi ne, haka ake tare zaizaya a gona. Ya cusa na farko cikin kafar ya danna da ƙafa, ya jera sauran a kai, ya liƙe tsakaninsu da laka. Duk wanda ya hango shi durƙushe a bakin lambatu ya ɗauka yashewa yake. Har Shafi'u ya ɗago masa hannu daga nesa ya ce sannu da aiki, Baba.

Buhu ashirin da biyu ya jera. Da ya gama ya miƙe, ya auna filin da ido. Ba sai an gaya masa ba. Ruwan da aka hana fita dole ya nemi wurin kwanciya, kuma ba inda ya kai ƙofar ɗakinsa gangare.

Sa'adiyya ta fito da buta ta gan shi. Ta dubi buhunan, ta dubi dokin ƙofarsu, ta sake duban buhunan. Ba ta yi karatu ba, amma ita ma 'yar manoma ce, ta san inda ruwa ke bi.

Ya ce, "Ki kai yaran rumhwar mai tuwo. Abin da za ki iya ɗagawa bisa, ki ɗaga."

Ta ce, "Ka zaɓa ke nan."

"Ban iya ɗayan ba, Sa'a."

 Ta shige ɗaki, ya ji tana jan kaya da ƙarfi. Ya san fushi take, kuma ya san tana da gaskiyar yin fushin.

Da hantsi baƙi suka iso, mota biyar. An kafa rumfa a tsakiyar fili, an shimfiɗa darduma don kada takalma su kwashi mai, an jera kujerun roba. Manyan mutane ne, kowa ya sha farar shadda. Warin ya dake su, amma baƙo ba ya cewa gidan mutane na wari. Wani daga Maraɗi ma cewa ya yi ko a birni bai ga gareji mai kyan wannan ba. Shafi'u sai washe baki yake, Alhaji Kalilu yana gyaɗa kai kamar shi ya kawo dabarar. Aka yi jawabai, aka yi salla, aka kawo gasassun kaji.

Ana tsakiyar cin kajin gabas ta haɗe. Iska ta taso ta fizgi gefen rumfa, aka ji ƙamshin ruwa ya danne warin mai. Kafin a ce a tattara, ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Ruwan farko ya yi abin da Arzika ya ce zai yi. Ya ɗaga man daga ƙasa, ya kwaso shi, ya gangaro da shi yana walƙiya kala-kala, ya iso ƙurya ya tarar an rufe. Sai ya tsaya. Ya taru baƙi ƙirin, ya haura idon sawu, ya haura ƙwauri, ya fara ja da baya yana cin filin. Baƙi suna tsaye a ƙarƙashin rumfa suna jiran a ɗauke, sai suka ga darduma ta fara motsi. Mai farar shadda ya ɗage, na kusa da shi ya hau kujera. Kwaltar da aka yaba ɗazu ta taso tana lasar takalmansu.

Shafi'u ya ruga cikin ruwa ya nufi ƙurya. A can ya tarar da Arzika tsaye kan buhunansa, sharkaf, ya dogara da shebur.

"Baba, me ka yi? Yashewa na ce ka yi!"

"Na ji abin da kac ce."

"Buɗe shi yanzun nan."

"Ba ni buɗewa."

Shafi'u ya sunkuya zai ja buhu, Arzika ya sa ƙafa ya take shi. Bai ɗaga shebur ba, bai zagi kowa ba, tsayawa kawai ya yi. Suna haka Alhaji Kalilu ya ƙaraso, ya tattare babbar riga a kafaɗa, wani na riƙe masa laima, baƙin ruwa har gwiwarsa. Biyu daga cikin baƙin suka biyo shi, don ba a barin abin kallo ya wuce.

Alhaji ya ce, "Arzika, kanka ɗaya kuwa?"

"Lahiya ta lau, ranka shi daɗe. Man naka na, ga shi nan na tsare maka, ko ɗigo bai hita ba. In ruwa ya ɗauke, shi taso bisa, a yaɗe shi a maida duro. Ni da kaina sai in yi. Amma in ya wuce katangar ga, duk kuɗin Magama ba su kwaso shi daga tabki."

Ɗaya daga cikin baƙin ya yi wata 'yar dariya ya mayar da ita tari. Wannan dariyar ita ta ƙarasa ɓata lamarin, don Alhaji zai iya haƙura da asara amma ba ya haƙura da a yi masa dariya. Ya ce, "A baranda na tsince ka, kai da iyalinka. Na ba ka aiki, na ba ka ɗaki. Sakayyar ke nan, ka kunyata ni a gaban mutane?"

Maganar ta soki Arzika, don gaskiya ce, kuma shi ba butulu ba ne.  Ya ce, "Ban manta ba, Alhaji, kuma har in mutu ba ni mantawa. Amma gyaran wuri ka ɗauke ni. In ka ce in kwana ina kwasar man ga da hannuna, na yi. Buɗe mashi hanya ɗai na ba ni yi."

Alhaji ya waiwaya ya ce wa kanikawa su ɗauke shi daga nan. Suka matso suna kallon juna. Ba wanda ya so a ce shi ya ɗaga dattijo sa'an ubansa ya jefa a kwata a gaban baƙi, kuma ko ba komai su suka zuba man, sun ga abin da ya zama. Suka tsaya nesa kaɗan, kowa na jiran wani ya fara.

Alhaji ya miƙa hannu. Ya ce, "Kawo makullin ɗakina."

Arzika ya laluba aljihu ya ciro shi, ya sunkuyo ya sa masa a tafi da hannu biyu. Ya kasa duban wajen ɗakin. Ko da ya duba ma ba abin da zai gani sai baƙin ruwa da ya riga ya haura dokin ƙofa ya shige ciki. Alhaji ya ce kada magariba ta same su a wurin, ya juya, laima ta bi shi. Shafi'u shi ma ya bi bayansu.

Ruwa bai ɗauke ba, ƙaruwa ma ya yi. Arzika yana tsaye shi kaɗai sai ya ji buhun da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta hagu ya motsa. Lakar da ya liƙe gefen da ita ta narke, buhu ɗaya ya zame, ruwa ya samu 'yar kafa. Ya ga baƙin yana murɗawa yana shigewa ta wurin. Ya diro cikin ruwan ya durƙusa, ya tura buhun da gwiwa, ya danna da ƙirji. Ya toshe nan, can ya ɓalle. Ba sauran buhu, ba sauran laka, ga hannuwansa sai santsi suke don mai. Ya cire rigarsa ya cusa, ruwa ya haɗiye ta kamar ba a sa komai ba. A nan ne ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Ya ba da ɗaki, ya ba da aiki, kuma ga man zai tafi tafki duk da haka.

Sai ya ga Sa'adiyya ta fito daga ɗakin da katifa a ka. Katifar ce abu na farko da suka saya bayan barin baranda, tun safe ta ɗora ta kan buhunan hatsi don kada ta jiƙe. Ya ɗauka rumfar mai tuwo za ta kai ta, wurin yara, ya kuma ga daidai ne. Ya kawar da kai don kada su haɗa ido.

Ba ta nufi rumfa ba. Ta keto ruwan har inda yake durƙushe, zanenta ya yi baƙi har ƙugu, fuskarta a murtuke kamar yadda take tun safe. Ta sauke katifar, ta ninka ta biyu, ta cusa ta a inda buhun ya zame, ta hau kai da gwiwoyinta.

Arzika ya buɗe baki, ya ce, "Sa'a, katihwar..."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Bar magana, Malam. Danne wancan gehen, ta nan shi ka yoyo."